Yadda Za Ka Tona Asirin Kamfanin Ƙanin Matarka a Rajistar Gwamnati

Idan ƙanin matarka ya buɗe kamfani har ya fara ɗaukar mutane aiki, kai kuma abin ya tokare maka a ƙirji, to gyara zama, ka zo wurin mai magani. Gwamnati tana da kundi na duk kamfanonin da aka yi wa rajista, ta kuma baza shi a intanet don kowa ya duba. Mutanen kirki suna shiga ne su tabbatar da wanda za su yi hulɗa da shi. Mu ba wannan ya tara mu ba. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka fito da laifi a hannunka, ko da mutumin ya fi madara fari. Ba a taɓa bin hanyata an dawo hannu rabbana ba.

Don kada ka ce cika baki ne, zan riƙa buga maka misali da ɗalibin da na fi alfahari da shi, wato Sufeto. Aikinsa kafin ya yi ritaya shi ne duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma ya bar aikin da aƙida guda: duk wanda ka gani zaune hankalinsa kwance, bai biya ba. Har yau in baƙo ya miƙe ƙafa a falonsa, Sufeto kan bi shi da wani irin kallo, kamar zai tambaye shi inda zai sauka.

Babbar 'yarsa ta karanta aikin lantarki a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, ta dawo gida ta zauna. Zaman ya yi tsawo. Ita ke gyara wa maƙwabta fanka da dutsen guga, ladanta “Allah ya yi albarka”, har unguwa ta laƙaba mata Injiniya, rabi yabo rabi tsiya. Ana nan sai kawunta, ƙanin mahaifiyarta da kowa ke kira Auta, ya zo da albishir. Kamfaninsa na haɗa wutar sola yana dab da samun kwangilar wani babban asibiti, ana kan tantancewar ƙarshe, kuma da zarar an sa hannu zai buƙaci injiniya. Injiniyar kuwa ita ce. Ka riƙe wannan a ranka: aikin yarinyar nan a wuyan kwangilar nan yake rataye. Sufeto ma ya sani.

Mataki na ɗaya: Tuno duk lomar da ya ci a gidanka

Kada ka tunkari kundin gwamnati da zuciya mai sanyi. Bincike ba ya tafiya sai da mai, kuma babu man da ya kai tsohon alheri ci da wuta. Samu kujera a inuwa, ka fara tune-tune.

Sufeto bai sha wahala a nan ba. Lokacin da Auta ke karatu a gidansa ya zauna, a ɗan siton da ke bayan kicin, inda aka ture buhuna gefe aka shimfiɗa masa katifa. Shi ake aika sayen gas, shi ke wanke babur. Sufeto ya tuna takalmin da ya saya masa, ya tuna ranar da ya je makaranta ya ba da haƙuri a kansa, ya tuna har da yadda yake zabga sukari a shayi kamar a bayan gidansu ake haƙowa. Kafin shayin gabansa ya huce, ransa ya ɓaci yadda ake so.

“Wai Auta ne da kamfani?” ya tambayi matarsa.

“Shi ne kuwa,” ta ce, tana yankan albasa. “Ai har da kai aka je ganin ofishin.”

“Na je na ga kujeru. Kujera ba kamfani ba ce. Ni ma ina da kujeru.”

“To Allah ya kawo maka kwangila, Baban yara.”

Wasu za su kira wannan hassada. Rashin sani ne. Hassada ita ce ka ji haushin wanda ba ka taɓa ciyarwa ba. In ka taɓa ciyar da shi, sunan abin tarbiyya.

Mataki na biyu: Sa wa abin rigar uba

Babu mai hankalin da zai fito fili ya ce, “Ina neman laifin ƙanin matata.” Cewa za ka yi don 'yarka kake yi. Wannan riga tana shiga kowa, kuma abin sha'awa, in ka daɗe da ita a jikinka kai ma sai ka yarda.

Sufeto ya tarar da Injiniya tana guga a tsakar gida, tana 'yar waƙa ciki-ciki. Ya manta rabon da ya ji tana waƙa. Gaskiya ita ce ya ji daɗi sosai, har idonsa ya so ya kawo ruwa, don yana son yarinyar nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa Mamana yake ce mata. Amma a bayan daɗin sai wani abu ya soke shi. Ya yi yawon ofisoshi da takardunta har takalminsa ya cinye, tsofaffin abokan aikinsa suka yi ta ce masa “za mu duba”, ƙarshe farin cikin da ya kasa kawo mata, yaron da ya kwana a sitonsa ne ya kawo.

“Mamana, ki bi a hankali,” ya ce. “Duniya ta lalace. Kamfanonin bogi sun fi na gaske yawa.”

Ta yi dariya. “Haba Baba, Kawu ne fa.”

“Ai shi ya sa.”

Ba ta gane ba, shi kuma bai yi bayani ba. Haka ake so. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle kuma in babban ma bai riga ya hango komai ba.

Mataki na uku: Nemi shagon kwamfuta inda ba a san ka ba

Kada ka kuskura ka duba a wayar 'yarka, don yaran yanzu suna ganin sawun inda aka bi. Shiga mota, ka wuce unguwarku da ta gaba, ka sami shagon da ake buga takardu da hoton fasfo.

Wanda Sufeto ya samu ɗan kurkuku ne tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, yana warin tawada da zafin na'ura. Mai shagon wata mata ce mai tabarau, tana tauna cingam, ta ga irinsa sun fi a ƙirga. Ta buɗe shafin hukumar rajista, ta nuna masa wani ɗan akwati fari.

“A nan ake rubuta sunan kamfanin, Baba. Wannan kyauta ne.”

Ya faɗa, ta rubuta, ta danna. Sufeto ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi a bakin tarago, yana jiran akwatin ya dawo fayau. Sai ga kamfanin Auta ya fito ɓaro-ɓaro, da lambarsa, da shekarar rajistarsa, da kalma biyu a gefe cikin koren rubutu: yana aiki.

“Sake dubawa.”

Ta sake. Yana aiki.

“Ko dai na'urar taki ce?”

“Na'urata lafiyarta ƙalau. Ai murna za ka yi, na gaske ne.”

A nan ne ragwaye ke sauka. Sai ka ga mutum ya ce alhamdulillahi, ya koma gida ya ci abincinsa, 'yarsa ta fara aiki, shi ke nan labari ya mutu ba daɗi. Kai kada ka zama cikinsu. Gaskiya tasha ce ta farko kawai, jirgin bai iso inda za ka ba.

Mataki na huɗu: Biya a buɗe maka cikin hanjin

Abin da ake gani kyauta fuska ce. Akwai cikakken bayani da ake biyan ɗan abu kaɗan a samu, mai sunayen daraktoci da adireshin da aka yi rajista da shi. Biya. Mutumin da ke ƙorafin tsadar omo a gida, yau ba ranar ciniki ba ce.

Takardar ta fito da ɗuminta. Sufeto ya bi ta da yatsa. Daraktoci: Auta da wani abokinsa, babu abin kamawa. Irin sana'a: haɗa wutar sola, daidai. Ya gangaro kan adireshi, sai yatsan ya tsaya. Sunan layinsu ne. Lambar gida kuwa ita ce wadda shi da kansa ya rubuta da fenti a jikin ƙofarsa.

Ka kula sosai, don nan ne wurin santsi. Abin da ya fara zuwa ran Sufeto ba fushi ba ne. Ya ga Auta zaune a ƙofar siton, wayoyi a cinyarsa, ya ɗora wani ɗan faifan sola a kan rufi yana yi wa mutanen gida cajin waya, ana yi masa dariya yana dariya. Ashe tun a lokacin ya je ya yi rajista, da adireshin da yake da shi a duniya. Wani abu mai taushi ya motsa a ƙirjin Sufeto. In irin wannan ya same ka, yi tari da ƙarfi, zai wuce.

“Hedikwata!” ya ce. “Sitona ne hedikwatar!”

“Ai da yawa haka suke,” in ji mai shagon, ba ta ko ɗago ba. “Inda mutum ya fara nan yake sawa. Wasu su canza, wasu su bari.”

Kada ka saurari irin wannan. Buga takarda ka biya ta, ba fatawa ba.

Da ya koma gida bai ko cire hula ba, ya zarce ya buɗe siton. Katifa a naɗe, fanka mara kai, gwangwanayen fenti da suka bushe, keken yara mai taya ɗaya, da wani ɓera da ya dube shi ya ci gaba da harkarsa. Sufeto ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Ɓeran ne kawai ya ƙi tsayawa.

Mataki na biyar: Kada ka tambaye shi ku biyu

Kiran waya guda zai iya kashe maganar nan, don haka ka nisanci waya. Mutum in an tambaye shi a keɓe yakan ba da amsa mai ma'ana, kai kuma ka tashi a tutar babu. Jira taro.

Ranar hutu dangin matarsa suka zo cin abincin rana, falo ya cika, yara suna ta tsalle a kan kujeru. Sufeto ya haƙura har aka kai tsakiyar shinkafa, lokacin da baki ya cika ba mai iya katse shi. Sannan ya zaro fayil daga ƙarƙashin filo.

“Auta, ina son in kai wa kamfaninka ziyara. Na duba kundin gwamnati in ga inda hedikwatar take, sai na ga ba sai na hau mota ba. Ku tashi mu je, tana bayan kicin. Manajan ma yana nan, mai dogon bindi.”

Ya miƙa wayarsa, hotuna suka zagaya. Wani ya fara dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya mayar da ita tari. Injiniya ta ajiye cokali.

Auta ya karɓi takardar ya duba. Bai daburce ba, kuma wannan ne ya fara ɓata shirin.

“Yaya, ai da gangan na bari,” ya ce. “Lauya ya sha ce min in canza. Na ce masa a'a. A ɗakin nan na fara, a gidanka, da abincinka a cikina. Duk wanda ya duba kamfanin, ina so ya ga daga inda ya fito. Laifina ɗaya, ban gaya maka ba, kunya ce ta hana ni. Ka yafe min.”

“Allah sarki,” in ji babbar yayar su Auta, tana share ido da bakin mayafi. Matar Sufeto ta tashi ta shiga kicin ba abin da za ta ɗauko.

“In ba ka so zan canza, wallahi,” Auta ya ƙara. “Alfarma ɗaya nake roƙo, ka bari a sa hannu a kwangilar nan tukuna. Yanzu idonsu na kan takardunmu, ko ƙwayar zarra ta motsa sai sun tsaya. Ka san aikin Injiniya a ciki yake.”

Aka ci gaba da cin abinci, ana ta sa wa Auta albarka. Har wani ya juyo ya ce, “Sufeto, ka yi tarbiyya.” Fayil ɗin yana kan cinyarsa, bai san inda zai ajiye shi ba.

Mataki na shida: In ya amsa da ladabi, ɗauke shi zagi

Wannan shi ne matakin da ke raba ɗalibi da gwani. Mutumin da ka zo kunyatawa ya karrama ka a gaban jama'a. Mai ƙaramin sani zai ce an tashi lafiya. Kai ka tambayi kanka: wa aka yi wa “Allah sarki”, wa kuma aka bari da fayil?

Da safe Sufeto yana aski a gaban madubi, yana juya maganar. Kowace juyawa sai ta ƙara ɗaci. Ya fito da wuƙa an tare shi da turare, kuma a idon dangi shi ne ƙaramin mutum. Kunya yake ji, ba wani abu ba, irin wadda ke hana mutum kallon kansa. Amma kunya ba ta da inda za ta je sai cikin mai ita, fushi kuwa yana da adireshi. Ya zaɓi fushi.

“A gidana,” ya ce da kumfa a haɓarsa. “Ba izinina. In gobe ya ci kuɗin mutane, ƙofar wa za a buga?”

“Ya ce zai canza,” in ji matarsa daga bakin ƙofa. “Ka ji da kunnenka. Kwana nawa ne? Don girman Allah, Baban yara, ka bar maganar nan. Ka dubi yarinyar nan.”

“Ai ita nake dubawa.”

“To dube ta da kyau.”

Mata suna da irin waɗannan gajerun maganganu masu tsayawa a kunne. Kunna rediyo.

Mataki na bakwai: Kai ƙorafi da ƙafarka

Sa rigarka mafi kyau, ka ɗauki fayil, ka nufi ofishin hukumar rajista. Za ka ga dogon zaure mai benci-benci, da fanka tana juyi a sama ba ta kawo iska, da mutane riƙe da 'yar lamba suna jiran a kira su. Yawancinsu sun zo ne su buɗe wani abu, tela da mai gidan burodi da wasu 'yan mata da ke ta gardamar sunan da za su sa wa shagonsu. Kada hayaniyarsu ta ɗauke maka hankali. Tambayi kantar ƙorafi, can ƙarshe take, ba ta cika layi ba.

Ma'aikacin da ke wurin dattijo ne kamar Sufeto. Ya karanta takardar, ya duba hotunan, ya ɗago.

“Kai ne mai gidan?”

“Ni ne.”

“Kamfanin ba ya aiki a can?”

“Ko ƙusa ba ya bugawa.”

“Ka san mai shi?”

“Ƙanin matata ne.”

Ma'aikacin ya cire tabarau ya ajiye. “Malam, wannan ba a gida za ku gyara ba? Canjin adireshi ba wani aiki ba ne, shi zai zo ya cike da kansa. Amma in na karɓi ƙorafi, dole alama ta fito a shafinsa cewa ana bincike, kuma kowa zai gani har sai an gama. Ni ba na iya cire ta don wani ya huce.”

Sufeto ya ji maganar ta shiga. Ya ga fuskar Injiniya sarai, ya ji muryar Auta yana roƙon alfarma. Da ma'aikacin ya yi shiru a nan, wataƙila da ya naɗe fayil ɗinsa ya tafi. Sai dattijon ya ƙara da cewa, “Ka je ka yi tunani,” kuma a duniya babu abin da Sufeto ya tsana irin a ce masa ya je ya yi tunani.

“Ni ma ma'aikaci ne,” ya ce. “Na sauke mutane a tsakiyar daji don doka. Doka doka ce.”

Ma'aikacin ya mayar da tabaraunsa, ya ɗaga hatimi, ya buga. Ƙarar ta yi wa Sufeto daɗi, irin daɗin ɗan ƙarfen da yake huda tikiti da shi a da. Ya fito daga ofishin yana jin ƙuruciya a gwiwoyinsa, har ya sayi lemo a hanya.

Mataki na takwas: Koma ka ga aikin hannunka

Bayan ɗan lokaci koma shagon kwamfuta. Za ka tarar koren rubutun nan ya samu maƙwabci, wani jan layi da ke cewa ana bincike a kan adireshin kamfanin. Sa a buga maka. Sufeto ya sa an buga masa mai kala.

Akwai wani ɗan abu da ban faɗa ba tun farko don kada in sare maka gwiwa: kundin nan ba kai kaɗai ka iya duba shi ba. Kwamitin asibitin ma suna da kwamfuta. Su kuma ba su san siton ba, ba su san takalmi ba, ba su san sukarin shayi ba. Jan layi kawai suka gani, ga kuma wani kamfani a bayan na Auta da shafinsa fes.

Auta ya zo da kansa da hantsi. Aka ba shi kujera, ya ce a tsaye ma ya isa. Ya gaida yayarsa, ya juya ga Injiniya.

“'Yata, kwangilar ta tafi. Sun ba wasu. Ba zan iya ɗaukar kowa ba yanzu, waɗanda ke hannuna ma ina tunanin yadda zan riƙe su. Ki yi haƙuri. Na so.”

“Ba komai, Kawu,” ta ce. Ta kama bayan kujera ta riƙe.

Sufeto ya shirya wa faɗa. Ya tanadi amsoshi tun a ofishin rajista, ya jera su yadda za su fito. Amma Auta ya ɗan rusuna kawai, kamar kullum.

“Yaya, na je na canza. An cire gidanka.”

Ya sa takalmi ya fita. Ba wanda ya raka shi, don ba wanda ya iya tashi.

Mataki na tara: Tsaya a kan gaskiyarka

Yanzu gida zai yi shiru. Kada ka bari shirun ya yi maka hukunci, ka riƙa cika shi da tambaya guda: “Ƙarya na yi?” Tambaya ce mai kyau, don ba wanda zai iya cewa e. Sufeto ya yi wa matarsa ita a kicin, ya yi wa maƙwabci a bakin ƙofa, ya yi wa mai gyaran takalmi da bai san zancen ba. Kamfanin ba ya sitonsa, wannan gaskiya ce, kuma gwamnati da kanta ta buga mata hatimi.

Injiniya ba ta yi masa tsiwa ba ko sau ɗaya. Da ta yi, da ya samu abin riƙewa. Tana kawo masa shayi a kan lokaci, tana gaishe shi safe da yamma, ta gyara masa rediyo da ya lalace. Sai dai hirar da suke yi a da, ta gardamar labarai da tsokanar juna, ta ɗauke kamar ruwan famfo. Ya yi kewarta ƙwarai, suna gida ɗaya. Sau da yawa ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya ji “ƙarya na yi?” ce ke shirin fitowa, ya rufe.

Aka daɗe a haka. Ran nan da safe yana zaune a falo, sai ga ta ta fito cikin shiri, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa a gabansa.

“Baba, an kira ni ganawa a wani kamfani. Yau ne. Ka sa min albarka.”

Sufeto ya zabura. Ya ajiye kofi har shayi ya zuba a hannunsa bai ji ba.

“Alhamdulillahi! Kai, Mamana, Allah ya sa a dace! Wane kamfani ne? Me sunansa?”

Wallahi da zuciya ɗaya ya tambaya, murna ce kawai irin ta uba. Injiniya ta dubi mahaifiyarta da ke tsaye a bakin labule, sannan ta mayar da ido ƙasa.

“Baba, ka yi haƙuri. Albarkar kawai nake so.”

Ya dubi matarsa, ya ga ta sani. Ƙannenta da ke leƙe ta taga sun sani. Maƙwabcin da ke ɗumama mota a waje don ya rage mata hanya, shi ma ya sani. Sufeto ya ɗora hannu a kanta ya sa mata albarka, mai tsawo, ta gaske. Ta ce amin, ta tashi, ta ja ƙofa a hankali.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan darasi ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko shirun gida ne, ko dangin da suka rage zuwa, ko hirar da ake yankewa in an ji takunka. Hanya na nuna, ƙafarka ce ta taka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba a mayar da kuɗin buga takarda, mai kala ko mara kala, kuma ba na zuwa ba da haƙuri gidan surukan kowa. Wanda ya kammala matakan ya ga yana son ya ci gaba da bincike, ga fili ga mai doki, kundin gwamnati a buɗe yake kullum, kyauta. Sai dai ɗan akwatin nan ba ya motsi sai an rubuta masa suna, kuma in an daina gaya maka suna a gidanka, wannan ba ni da maganinsa.